Kyamarar miliyan, kebul ɗin jika biyu: Abin da ya faru a wani biki a Yelu

A ƙarshen kakar bara na je ɗaurin aure a Yelu, cikin gundumar Gaya ta jihar Dosso. Wanda aka ba aikin ɗaukar bidiyon bikin ɗan yayata ne, saurayi mai ƙwazo da ya fara wannan sana'a da wayar salula, yana bin bukukuwa da suna da filin kokawa. Wansa da ke aikin ƙarfi a Turai ya shekara biyu yana tara kuɗi, ya saya masa kyamarar fim ta gaske, da gimbal, wato na'urar nan da ke riƙe kyamara ta hana hoto girgiza ko da mai ɗauka yana tafiya, da kuma babban batir guda. Idan aka haɗa kuɗin kayan sun haura sefa miliyan ɗaya.

Abu ɗaya ne babu a cikin jakar: kebul ɗin da zai kai wuta daga babban batirin zuwa kyamara. Ƙaramin batirin cikinta ba ya cika awa guda, biki kuwa yini ake yi. Sai yaron ya hau kabu-kabu ya tafi Gaya wurin wani mai gyaran rediyo da salula, ya nuna masa hoton fulogin da ya samo a intanet. Mutumin ya liƙa wayoyi biyu da dalma, ya naɗe, ya karɓi jika biyu, wato sefa 2,000.

Da safiyar ɗaurin aure, ana shimfiɗa tabarmi, ya kira ni yana murmushi. "Kawu, zo ka gani, yau har dare ba za ta mutu ba." Ya jona. Muka ji wata 'yar ƙara, sai warin roba mai ƙuna. Kyamarar ba ta sake kunnuwa ba. Da salula aka ƙarasa ɗaukar bikin, ya mayar da rabin kuɗin aikin, ya kuma kwana uku bai iya ɗaga kiran wansa ba.

Da aka kai kayan Yamai, wani ma'aikacin gyara ya ɗora mitar awon wuta a kan kebul ɗin, cikin ƙasa da minti guda ya gano matsalar. An juya wayoyin. Hoton da yaron ya nuna yana kallon fulogin ta gaba ne, ta inda ake sokawa, shi kuwa mai gyara ta baya yake kallonsa, ta inda ake liƙa dalma. Abin da ke dama a hoto ya koma hagu a hannunsa.

Mutanen gida suka ce tsautsayi ne. Ni ma na yi imani da ƙaddara, amma addininmu bai hana riƙo da sababi ba, kuma wannan asara ce da awon minti ɗaya zai iya hanawa. Ra'ayina a taƙaice shi ne, matasanmu da 'yan uwansu na ƙasashen waje suna zuba kuɗi a kan kyamara da gilashinta, sun bar ilimin wutar da ke tafiyar da ita. Muddin ba a ɗauki wannan ilimi a matsayin rabin sana'ar ba, za mu ci gaba da cika akwatuna da matattun kyamarori.

Me ya sa ake ɗauko wuta daga jikin na'urar?

Burin tafiya da kyamara ba tare da hoto ya yi rawa ba tsoho ne. Ba'amurke Garrett Brown ne ya ƙirƙiro Steadicam a tsakiyar shekarun 1970, aka yi aiki da ita a finafinai irin su Rocky na 1976 da The Shining na 1980. Riga ce da mai ɗauka ke sanyawa, da hannun ƙarfe, da sanda mai kyamara a sama da batir a ƙasa. Nauyin batirin ne ke daidaita sandar, wutarsa kuma ta bi ta cikin sandar ta hau zuwa kyamara. Daga baya gimbal mai ƙananan injina ta fito: MoVI a 2013, Ronin ta kamfanin DJI a 2014. Da farashi ya sauko, abin da a da sai manyan kamfanonin fim ya zo hannun mai ɗaukar biki a Gaya, Kamba, Maraɗi da Kano.

Dalilin haɗa wuta daga babban batir a fili yake. Duk lokacin da ka sauke kyamara daga gimbal don canza batir, ka ɓata lokaci, wani lokacin sai ka sake daidaita ta, amarya kuwa ba za ta sake fitowa don kai ba. Ga monita, ga na'urar aika hoto ba waya, ga injin juya gilashi, kowanne na son wuta. Batir ɗaya da zai ciyar da su duka shi ne sauƙi. Sai dai kuskure ɗaya a wannan hanya yana iya tafiya da su gaba ɗaya.

Hanyoyi huɗu da kebul ke kashe kyamara

Ta farko ita ce wadda ta sami ɗan yayata, juya ƙafafun wuta. Wutar batir tana da fozitif, wadda aka saba ba jar waya, da negatif, wadda aka saba ba baƙa. Mutane da yawa suna zaton in fulogi ya shiga rami, to ya dace. Shigar fulogi ba ta nuna komai. Ƙaramin fulogin ƙarfe mai haƙori biyu, irin wanda ake kira LEMO, kamfanoni daban-daban na amfani da shi, kuma ba duka ne suka sa fozitif a haƙori ɗaya ba. Za ka ga kebul biyu kamar tagwaye, ɗaya ya kunna na'urarka, ɗayan ya ƙona ta. Zagayayyen fulogin nan irin na cajar rediyo ma haka ne, akasari fozitif na tsakiya, amma akwai na'urorin da negatif ce a tsakiya. Fulogin D-Tap da ke jikin manyan batura an yi shi ne ya shiga ta fuska ɗaya kawai, amma masu arha na kwaikwayo, ko waɗanda suka sha jiki, in aka danna da ƙarfi suna shiga a juye, musamman da dare ana sauri. Wanda ya fi tsayawa kan ƙa'ida ɗaya shi ne fulogin XLR mai haƙori huɗu na kayan talabijin, inda haƙori na 1 negatif ne, na 4 fozitif. Shi ma in na haɗin gida ne sai an auna.

Ta biyu ita ce yawan bolt, wato ƙarfin turin wutar. Babban batir irin V-mount an rubuta masa bolt 14.4 ko 14.8, amma in ya cika caji yana kai wa 16.8. Kyamarar Blackmagic Pocket 4K tana karɓar bolt 12 zuwa 20, don haka wannan bai dame ta ba. Amma ƙananan kyamarorin Sony da Canon da matasanmu suka fi riƙewa, batirinsu na bolt 7.2 ne. Ana ciyar da su ne ta batirin ƙarya, wato kwanson batir mai wutsiyar waya, kuma dole a sami na'urar rage wuta a tsakani. Akwai batirin ƙarya da ake sayarwa babu wannan na'ura a cikinsa, domin an yi shi ne don tushen wutar da aka riga aka rage. Wanda ya jona irinsa kai tsaye a D-Tap ya ninka wa kyamararsa wuta fiye da sau biyu. A ɗaya gefen kuma akwai manyan kyamarori kamar ARRI Alexa 35 da ke buƙatar tsarin bolt 24, waɗanda batirin 14.4 ba zai tashe su ba.

Ta uku ita ce nauyin da ake ɗora wa waya. Lissafin ba shi da wuya: wat shi ne bolt sau amfiya. A ce kyamara na cin wat 25, monita 15, na'urar aika hoto 10, jimla 50 ke nan. A bolt 14.4 wannan kusan amfiya 3.5 ne. Da batir ya yi ƙasa zuwa bolt 12, kayan za su ja sama da amfiya 4 don su sami wat ɗinsu. Siririyar waya irin ta tsohuwar cajar salula ba za ta ɗauki wannan ba. Za ta yi zafi, wuta ta zube a hanya, kyamara ta mutu ana tsakiyar ɗauka, hoton da ake naɗa ya lalace. Wannan lissafi ne kuma zai gaya maka cewa batir mai wat-awa 98 ba zai cika awa biyu da wannan nauyi ba, kada ka yi wa mai biki alkawarin yini da batir ɗaya. Kuma duk kebul ɗin haɗin gida ya kamata a sa masa fiyus kusa da batir, domin batirin litiyam in wayoyinsa suka haɗu yana iya tayar da gobara.

Ta huɗu ita ce wadda ko ƙwararru ke faɗawa, wato jerin yadda ake jonawa. Idan kyamara da monita suna shan batir ɗaya, kuma kebul ɗin hoto, SDI ko HDMI, yana jone tsakaninsu, sai ka soka fulogin wutar monita, yana yiwuwa haƙorin fozitif ya taɓa kafin na negatif. A wannan ƙiftawar ido wuta za ta nemi hanyar komawa, ta bi ta kebul ɗin hoto, ta ƙona ramin fitar hoto na kyamara. Kamfanin ARRI na Jamus da kansa ya fitar da gargaɗi a kan haka. Ƙa'idar ita ce a fara jona wuta, sannan kebul ɗin hoto. In za a kwance, a fara cire na hoto, sannan na wuta.

Akwai kuma abin da ba ya ƙona kyamara amma yana gajiyar da gimbal. Kebul mai kauri da tauri yana jan kyamara gefe, injinan su yi ta kokawa da shi, su yi zafi, batirinsu ya ƙare da wuri, hoto ya riƙa karkarwa. A nemi mai laushi, a bar masa sarari daidai yadda kyamara za ta juya ko'ina bai ja ba, a ɗaure shi, kuma a yi daidaiton gimbal bayan an gama jona komai.

Awon minti biyu

Maganin mafi yawan wannan yana cikin maltimita, mitar da kowane mai gyaran rediyo ya sani, wadda kuɗinta bai kai na buhun shinkafa ba. A buɗe littafin bayanin kyamara, wanda kamfanoni ke sakawa kyauta a shafukansu, a duba shafin tsarin haƙoran ramin wuta, a lura ko zanen ta gaba yake kallo ko ta baya. Kafin a jona komai, a gwada kowane haƙori da mita a ga inda ya fita a ɗaya bakin, a kuma tabbatar fozitif da negatif ba su taɓa juna ba. Sannan a jona kebul a batir kaɗai, babu kyamara, a ɗora jan tsinken mita a haƙorin da littafi ya ce fozitif ne, baƙin a ɗayan, a hankali kada tsinke ɗaya ya haɗa haƙora biyu. In alamar ragi ta fito gaban lambar, an juya wayoyin. In lambar ta wuce abin da kyamara ke ɗauka, a tsaya. A yi wannan awo da batir cikakke. Bayan haka a liƙa wa kebul ɗin takarda a rubuta sunan na'urar da aka yi shi dominta, kada ranar aiki a ɗauki na monita a soka wa kyamara. Sabon kebul daga kanti ma a auna shi, domin masana'anta na kuskure.

Me ya sa asarar ta fi mana ciwo?

Mai ɗaukar hoto a Faransa in kyamararsa ta ƙone, akwai inshora, akwai wakilin kamfani, akwai inda zai yi hayar wata kafin gobe. Yaron Yelu ba shi da ko ɗaya. Allon cikin kyamara ba abin da ake samu a kasuwar Gaya ba ne, sau da yawa ko a Yamai ko Kano sai an yi odarsa. Tun bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 da rufe gadar da ta haɗa Gaya da Malanville, kayan da a da ke shigowa ta Kwatano suka koma dogon zagaye ta Lome da Burkina Faso, komai ya ƙara tsada da jinkiri. A watan Agustan 2023 Najeriya ta katse wutar da take ba Nijar, wadda a lokacin ta kai kusan kashi 70 cikin 100 na abin da ƙasar ke sha, ba a dawo da ita ba sai a 2024. Wannan ya ƙara tura matasa ga janareta da batirin sola da na babur, kowa na haɗa abin da ya samu. Ga zafin Afrilu da ke haura digiri 40, wanda ke tsufar da batirin litiyam, ga ƙurar hunturu da ke cika ramukan fulogi. A irin wannan yanayi mu ne muka fi kowa buƙatar sanin wuta.

Wani zai ce laifin mai gyaran Gaya ne. Ban yarda ba. An kawo masa hoto babu bayani, ya yi abin da aka ce. Da an kawo masa littafin kyamarar an ce ya auna kafin a tafi, da ya auna, domin mitar na kan teburinsa. Ba na cikin masu cewa sai kebul ɗin kamfani kawai. Na kamfani yana da tsada, kuma in ya tsinke ranar aiki a ƙauye babu mai kawo maka wani. Masu gyaran salularmu da ke canza ƙananan sassan da ido da ƙyar yake gani, liƙa waya biyu ba zai gagare su ba. Abin da ya rage shi ne a ba su bayanin da ya dace, a kuma mayar da awo al'ada.

Wani kuma zai ce ai duk wannan wahala ce, a sayi ƙananan batura biyar a riƙa canzawa, ko a tsaya a salula. Wannan magana tana da gaskiya a cikinta. Ga wanda bai riga ya koya ba, ƙananan batura na asali sun fi masa aminci, kuma da muguwar rawa gara ƙin tashi. Amma wanda ke son ya wuce bikin unguwa, ya yi aiki da masu shirya fim a Kano ko Yamai, ko ya ɗauki shirin gaskiya da za a nuna a waje, dole wata rana ya tsaya gaban babbar kyamara da tarin wayoyi. Gara ya koya tun yanzu.

Magabatanmu sun san cikin na'ura

Nijar tana da tarihi a fim da ya kamata ya ba mu kunya a wannan fanni. Lokacin da Jean Rouch da abokansa biyu suka bi kogin Kwara a kwalekwale a 1946 zuwa 1947, kogin nan da ya ratsa ta Gaya, ƙafar kyamararsa ta salwanta a hanya, ya ci gaba da ɗauka a hannu. Kyamarar tasa wana ta ake yi kamar tsohon agogo, ba ta shan lantarki. Moustapha Alassane, wanda ya yi La Mort de Gandji, ɗaya daga cikin finafinan zane na farko a Afirka kudu da Sahara, kanikanci ya fara koya kafin fim. Oumarou Ganda kuma shi ne ya fara cin babbar kyautar FESPACO a Wagadugu a 1972. Mutanen wancan zamani kayansu kaɗan ne, don haka suka san su ciki da waje. Mu namu kayan sun fi nasu sau dubu, amma da yawanmu ba mu taɓa buɗe littafin bayaninsu ba.

Matsalar har da yadda muke kallon sana'a. A Kannywood da sauran wuraren shirya fim na Hausa, jarumi da mawaƙi da darakta ake sani. Yaron da ke kula da batura da wayoyi ana ɗaukarsa ɗan aike, alhali a manyan masana'antun fim na duniya mataimakin mai kyamara sana'a ce mai daraja da ake shekaru ana koyo, kuma ana ware ranar gwada kaya tun kafin ranar ɗauka.

Kira ga masu aikowa da masu karɓa

Ga 'yan uwa da ke Turai, Amurka, ƙasashen Larabawa ko Abijan: in za ku sayi kyamara ku aiko gida, ku tambayi mai kanti kebul ɗin wutar da aka yi wa wannan samfurin takamaimai, ku sayi biyu. Ku saka maltimita a jakar. Ku sa a gwada komai a jone a gabanku kafin a naɗe. Ku sani kuma cewa kamfanonin jiragen sama ba sa yarda a saka batirin litiyam na ajiya a kayan da ke shiga ƙasan jirgi, sai a jakar hannu, kuma wanda ya wuce wat-awa 100 sai da izininsu. Shi ya sa ake yin batura masu 98. In kuɗi bai isa ba, ku rage tsadar kyamarar, ku ware wani abu yaron ya je ya zauna wata guda wurin wanda ya iya.

Ga matasa masu ɗauka: ƙaramin sani ƙuƙumi ne. Bidiyon minti uku a YouTube ko hoton da aka turo a WhatsApp ba zai maye gurbin littafin na'urarka ba. Kada ka ari kebul a wurin aiki ka soka don kawai ya shiga. Kada ka gwada sabon haɗi a safiyar biki.

Ga makarantu irin su ESSCOM (tsohuwar IFTIC) da ke Yamai, da cibiyar kula da harkar fim ta ƙasa, da cibiyoyin koyon sana'a da ke ƙananan hukumomi, da ƙungiyoyin masu shirya fim a Kano: darasin kwana biyu a kan bolt, amfiya, fiyus da awo, da Hausa da Zabarmanci, a haɗa masu ɗauka da masu gyaran salula a ɗaki ɗaya, ba zai ci kuɗin kyamara guda ba. Gari kamar Gaya, da ke tsakanin ƙasashe uku, in ya sami mutum biyu ko uku da aka amince da haɗinsu, har daga Kamba da Malanville za a riƙa kawo musu aiki.

Ɗan yayata ya ci sa'a, allon karɓar wuta ne kaɗai ya ƙone, kuma bayan wata huɗu da kuɗin da ya kai na ƙaramin babur na hannu, kyamarar ta tashi. Wansa bai yi faɗa ba, abin da ya ce kawai shi ne, "Ƙanena, sanyin da na sha kafin in tara kuɗin nan, kada ka bari ya tafi a banza." Da na koma Yelu da ƙaramar salla na tarar da mita a jakarsa, kowane kebul da takardarsa. Wanda ya haɗa masa sabon kebul ɗin kuwa mai gyaran nan ne na Gaya, wannan karon da littafin a buɗe a gabansu, suka auna sau biyu kafin su jona.

Allah ya tsare mana dukiyarmu, ya sa albarka a sana'ar matasanmu.